Makomar iyakokin ƙasa: abin da hanyar Maraɗi zuwa Katsina ke nunawa

Daga 2019 zuwa 2024, dalilai uku daban-daban sun sa an rufe iyakar Nijar da Najeriya. A watan Agusta na 2019 hukumomin Abuja suka garƙame iyakokinsu na tudu don hana shigar shinkafar waje. A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa Nijar ma ta rufe nata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 kuma, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake tsayar da kamiyo da motocin haya a Ɗan Isa, da Birnin Ƙonni, da Ɗan Barto.

Duk wannan ya auku ne a zamanin da ake cewa duniya ta zama gari guda. Ɗan kasuwa a Maraɗi yana jin farashin wake na kasuwar Dawanau ta Kano ta WhatsApp tun kafin ya karya kumallo, ɗan ci-rani a Abijan yana aika kuɗi ta Nita ko Al Izza su iske iyalinsa a Tawa cikin ƴan mintoci. To, ina iyakoki suka dosa? Abin da shekarun nan suka nuna shi ne iyaka ba ta kan hanyar ɓacewa. Tana dai komawa kamar rariya: ana zaɓen abin da zai wuce da abin da za a tare. Wanda ke yin zaɓen, da wanda ke biyan kuɗinsa, su ne asalin maganar.

Yadda aka ja layin

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, daga kusa da Gaya har tafkin Chadi. Jahohin Nijar biyar ne ke kanta, wato Doso, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Difa, a ɗaya ɓangaren kuma jihohin Najeriya bakwai.

Ba a rana ɗaya aka zana ta ba. A 1890 Faransa da Ingila suka fara jan layi a takarda daga Sayi zuwa Barwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama, aka zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100 daga birnin, wanda ya bar Ƙonni da Maraɗi a ɓangaren Ingilishi. Nan Faransawa suka gane cewa hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, ayarin sojojinsu ba zai iya binta ba. Sai suka nemi a gyara. A yarjejeniyar 1904, Faransa ta haƙura da wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, tsibirin da yanzu yake cikin Kanada, Ingila kuma ta yarda, tare da wasu rangwame, a saukar da layin kudu. Aka ƙara gyara shi a 1906, sannan daga 1906 zuwa 1908 tawagar Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi daji tana kafa alamomi 148. Ke nan, kasancewar Maraɗi cikin Nijar a yau yana da nasaba da rijiyoyin hanya da kuma kifin wani teku da mutanen yankin ba su taɓa gani ba.

Sai dai ba daidai ba ne a ce Turawa sun ja layin da ka kawai. A wurare da dama ya bi tsohuwar gabar da ke tsakanin daular Sakkwato da masarautun da suka ƙi miƙa mata wuya bayan jihadi: Katsinawan da suka kafa Maraɗi, Gobirawan Tsibiri, da kuma Damagaram. Shi ya sa har yanzu sarkin Maraɗi yake amsa sunan Sarkin Katsina. Akwai iyaka a wurin tun kafin Turawa, amma irin wadda fatake da malamai da makiyaya ke ratsawa ba tare da takarda ba. Abin da mulkin mallaka ya ƙaro shi ne duwan, da kuɗi iri biyu, da harshen gwamnati iri biyu.

Alkawarin buɗe ƙofa

Da aka samu ƴancin kai, shugabannin Afirka sun ji tsoron cewa taɓa layi ɗaya zai tayar da yaƙi goma. A taron Alƙahira na watan Yuli na 1964 suka amince a mutunta iyakokin da aka gada. Nijar ta riƙe wannan ƙa'ida, har ma ta kai saɓaninta gaban kotun duniya da ke Hague sau biyu: a 2005 kotun ta ba ta tsibirin Lete a shari'arta da Benin, a 2013 kuma ta raba gardama tsakaninta da Burkina Faso.

Dabarar da aka ɗauka ita ce a bar layin inda yake, a rage masa nauyi. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya mai ofishi a Yamai. A 1975 aka kafa CEDEAO a Legas, a 1979 kuma ta amince da yarjejeniyar zirga-zirga da ta bai wa ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna kwana 90 babu biza. A ranar 7 ga Yuli na 2019, a Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, ZLECAf, wadda shugaba Mahamadou Issoufou ya jagoranci fafutukarta. Makonni shida bayan wannan biki Najeriya ta rufe iyakokinta.

Wani abin lura shi ne bambancin da ƙasashe ke nunawa tsakanin kaya da mutane. Kusan duk ƙasashen Afirka sun sa hannu a yarjejeniyar ZLECAf, mafi yawansu kuma majalisunsu sun tabbatar da ita. Amma yarjejeniyar zirga-zirgar mutane ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a shekara guda, 2018, ƙasashe huɗu ne kawai suka tabbatar a shekarunta na farko: Nijar, Mali, Ruwanda da Sao Tome. Ana bukatar 15 kafin ta soma aiki. Gwamnatoci suna marmarin buhu ya wuce, suna ɗari-ɗari da wanda ya ɗauko shi.

Idan aka rufe, wa ke biya?

Tsofaffin Maraɗi da Damagaram ba su manta da 1984 ba. A watan Afrilu na wannan shekara gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyaka lokacin canjin kuɗin naira, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da mummunan fari, hatsin da aka saba samu daga kudu ya yanke, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari.

Ta 2019 ta ɗauki watanni 16. Sai ranar 16 ga Disamba na 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, ita kuwa Jibiya, ƙofar Maraɗi, ta jira har watan Afrilu na 2022. Ta 2023 ta fi zafi, domin ta zo tare da yanke wutar lantarkin da Najeriya ke sayar wa NIGELEC, kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi a lokacin. Kamiyo ɗaruruwa suka yi layi a Malanville, shinkafa da magunguna suka yi tsada. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu na 2024, Najeriya ta buɗe ranar 13 ga Maris, Nijar ta biyo baya ranar 22 ga wata.

A duk waɗannan lokuta abu ɗaya ya maimaita kansa. Zirga-zirga ba ta tsaya ba, ta dai bar kwalta ta shiga daji. Dalilin a fili yake. Ribar fasa-ƙwauri tana fitowa ne daga bambancin farashi tsakanin ɓangarori biyu, rufe iyaka kuma yana faɗaɗa wannan bambanci. Buhun da a da mota ke kaiwa kai tsaye, yanzu sai an sauke, an ɗora wa ƴan kabu-kabu ko amalanke, an ratsa gonaki, an ba da na goro a kowane shinge. Babban ɗan kasuwa yana da jarin da zai ɗauki wannan kuɗi, ya maido shi a kan mai saye. Mai tallan ƙuli-ƙuli, da manomin albasa na Galmi wanda kayansa ke ruɓewa in sun kwana biyu a rana, da mara lafiyar da ya saba zuwa asibiti a Katsina ko Maraɗi, su ne ba su da inda za su maido asararsu. Ita ma gwamnati tana rasa kuɗin duwan da a da ke shiga baitulmali.

Taswira ma tana da tata magana. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, zuwa Yamai kuwa ya haura 600. Dabbobi, da wake, da albasa suna gangarawa kudu. Masara, da kayan masana'antu, da taki suna haurowa arewa. A shekarar 2005, tashin farashin hatsi a kasuwannin arewacin Najeriya na cikin abubuwan da suka tsananta ƙarancin abinci a jahar Maraɗi. Hausawa kan ce ƙasashen biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma an ga haka a watan Agusta na 2023: sanatocin arewacin Najeriya sun fito fili sun ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja, malaman addini suka yi tattaki zuwa Yamai, Muhammadu Sanusi na biyu ya gana da Janar Abdourahamane Tiani tare da Sarkin Damagaram a lokacin da manzannin CEDEAO suka kasa ganinsa.

Abin da ke wucewa ko da ƙofa na kulle

Iyakar Benin ce ta fi nuna yadda rariyar ke aiki. Kafin 2023, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku suna bi ta tashar Kwatano. Bayan ɗage takunkumi, Yamai ta bar gadar Gaya da Malanville a rufe bisa dalilan tsaro, har cikin 2025. Kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar sojoji, tafiyar da ta fi tsawo, ta fi tsada, ta fi haɗari. Matafiya kuma suna haye kogi da kwale-kwale. Amma a ƙarƙashin ƙasa, bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme yana ɗauke da ɗanyen man Nijar zuwa teku. An loda jirgin farko a watan Mayu na 2024, an samu tsaiko na ƴan watanni saboda takun-saƙar ƙasashen biyu, daga baya aka ci gaba da lodi alhali gadar tana kulle.

Haka sadarwa. A watan Satumba na 2021, lokacin da Najeriya ta katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato don takura wa ƴan bindiga, mazauna ƙauyukan bakin iyaka sun riƙa neman layukan Nijar don yin kira. Haka kuɗi. Ƴan canji a kasuwannin iyaka suna bin faɗuwar naira awa bayan awa, kuma lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 an ga ana ciniki da sefa a garuruwan Najeriya na kusa. Da Abuja ta cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ƴan ruwa-ruwa na titunan Maraɗi da Damagaram sun ji a jikinsu cikin mako guda.

Masifa ma ba ta tsayawa a shinge. Tun daga 2019 dubban mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka gudo yankunan Gidan Rumji da Madarumfa, ƴan bindigar da suka koro su kuma suna bin dazuzzukan da ke tsakanin ƙasashen biyu. Soja yana tsayawa inda ƙasarsa ta ƙare, ɓarawon shanu ba ya tsayawa. Wannan shi ne babban hujjar masu neman a ƙarfafa iyaka, kuma hujja ce mai nauyi. Sai dai tsaron da ake nema bai samuwa sai da musayar bayanai da sintiri na haɗin gwiwa, su kuma suna bukatar gwamnatocin biyu su kasance suna magana da juna.

Iyaka ta bar bakin iyaka

Wani sauyin shi ne cewa iyaka ba ta zama wuri ɗaya yanzu. A watan Mayu na 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, tare da matsin lamba da tallafin Tarayyar Turai. Daga 2016 aka fara kama direbobi ana ƙwace motoci a Agadas, garin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga Libiya, kuma dubbai daga Italiya. A aikace, iyakar Turai ta sauko tsakiyar Nijar. Direbobi suka koma bin hanyoyin da babu rijiyoyi don kauce wa jandarmomi, mutane da yawa suka halaka cikin Sahara. Hukumomin soja sun soke dokar a watan Nuwamba na 2023. A ɓangaren Aljeriya kuma, ana sauke waɗanda aka koro a wani wuri cikin hamada, su taka kimanin kilomita 15 zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 a shekarar 2024 kaɗai.

Turai ɗin da ake ba da misali da ita ma tana ja da baya. Yankin Schengen, wanda ya soma aiki a 1995, ya kai ƙasashe 29 da ba sa binciken juna. Amma Ingila ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, Jamus kuma ta dawo da bincike a dukan iyakokinta na tudu a watan Satumba na 2024. Ga mai neman zuwa can daga Yamai, iyakar tana farawa ne a ofishin biza, inda ake ɗaukar zanen yatsunsa ana duba takardun bankinsa.

Na'urorin ɗaukar zanen yatsa da hoto sun iso wasu ofisoshin iyakar Nijar ma. Suna iya saurin aiki, suna iya rage karɓar na goro. Amma suna aiki ne da takarda, kuma a karkara akwai mutane da yawa da ba su da takardar haihuwa, balle katin ɗan ƙasa. Tsohuwar da ta shekara arba'in tana zuwa suna da biki a ƙauyen da ke hayin iyaka, kowa ya san ta, kwamfuta ba ta san ta ba. Idan aka sabunta shingen ba a sabunta rajistar haihuwa ba, iyakar zamani za ta fi ta da tsauri ga talaka.

Bayan ficewa daga CEDEAO

Nijar, Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES ranar 16 ga Satumba na 2023, suka mai da shi tarayya a taron Yamai na 6 ga Yuli na 2024, ficewarsu daga CEDEAO kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu na 2025. A ranar aka fito da fasfon AES, tare da bayanin cewa tsofaffin fasfo suna nan da aiki har wa'adinsu ya ƙare.

Ga matafiyi, ƙofa ba ta rufe ba. Ƙasashen AES sun sanar a watan Disamba na 2024 cewa ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shiga babu biza, CEDEAO ma ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku da kayansu har sai an yanke wata shawara. Amma akwai bambanci tsakanin wannan da halin da ake ciki a da. Abin da yarjejeniya ta 1979 ta mayar haƙƙi, yanzu ya dogara ga sanarwar da kowane ɓangare ke iya janyewa. Nijar tana nan cikin UEMOA da kuɗin sefa, wanda ke kare hulɗarta da Benin, Togo da Kodibuwa ta wani fanni. Najeriya da Gana ba sa cikin wannan ƙungiya.

Ita ma Yamai tana amfani da iyaka wajen tafiyar da tattalin arzikinta. A watan Oktoba na 2024 ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a watan Mayu na 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar salla. Mai sayen rago a Yamai ya yi murna, makiyayin da ya shekara yana kiwo don kasuwar Kano ko Abijan ya yi asara.

Abin da zai yanke hukunci

Babu alamar cewa wata gwamnati a yankin za ta saki iyakarta, domin nan take samun kuɗin shiga, nan take nuna ikonta. Abin da za a iya sauyawa shi ne yadda ake tafiyar da ita, kuma akwai misalai a Afirka. A Chirundu, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, tun 2009 jami'an ƙasashen biyu suke aiki a tsari guda, mota ta tsaya sau ɗaya maimakon sau biyu. Ƙungiyar COMESA ta gabashi da kudancin Afirka tana da tsari na musamman ga ƙananan ƴan kasuwa: wanda kayansa ba su wuce wani ƙima ba yana cike gajeriyar takarda ɗaya ya wuce. Ita kanta Tarayyar Afirka tana da yarjejeniyar 2014 kan haɗin gwiwar yankunan iyaka, wadda ake kira yarjejeniyar Yamai, da ke ƙarfafa gwamnoni da magadan gari na ɓangarori biyu su yi aiki tare kan kasuwa, ruwa, lafiya da burtalin dabbobi.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa ta Daura, Katsina da Jibiya, zai zama gwaji. In ya kammala, zai ba Nijar wata hanya zuwa teku ta Legas. Amma jirgi ba ya amfani in ana iya tsayar da shi a Jibiya da sanarwar dare ɗaya. Shi ya sa ziyarar da ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya kai wa takwaransa Bakary Yaou Sangaré a Yamai a watan Afrilu na 2025, inda suka yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa ta 1971, take da muhimmanci ga jahohin kudu.

Abin da ɗan kasuwar Maraɗi, da makiyayin Tawa, da manomin Magarya suke nema ba mai yawa ba ne: su san takardar da ake bukata, su san kuɗin da doka ta ce a biya, su kuma tabbata cewa saɓanin manya ba zai hana abinci da magani wucewa ba. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa. Ƙasashen da suka sauƙaƙa wa wannan ƙafa bin hanyar kwalta za su san wanda ya shiga da wanda ya fita, su kuma karɓi harajinsu. Waɗanda suka tsaurara za su ci gaba da tura mutanensu daji, inda babu duwan kuma babu tsaro.